Babban yatsanka ba ilektiron yake bi ba

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa a ƙa'idar hannun dama, wadda ake gano yadda ƙarfin maganaɗisu ke kewaye wayar lantarki da ita, babban yatsa yana nuna inda ilektiron (ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki a cikin waya) suka dosa ne. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskure kaɗai ya isa ya juya maka amsa gaba ɗaya.

Babban yatsa yana bin hanyar tafiyar lantarki da masana suka yi ittifaƙi a kanta tun da daɗewa, wato daga kan batir mai alamar + zuwa mai alamar −. Su kuwa ilektiron a cikin wayar tagulla, akasin haka suke tafiya. Abin ya samo asali ne daga Benjamin Franklin, wanda ya raba caji gida biyu da waɗannan alamomi tun ba a san da ilektiron ba. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi, lokacin kuwa tsarin ya riga ya zauna daram.

Ka ƙaddara waya ce a tsaye, lantarki na hawa sama. Ɗaga babban yatsan dama, ka naɗe sauran huɗun. Idan ka leƙo daga sama, za ka ga sun zagaya saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa. Haka ƙarfin maganaɗisu ke kewaye wayar, kuma shi ne ya karkatar da allurar kamfas a gaban Hans Christian Ørsted a 1820.

In kuma tafiyar ilektiron ce aka ba ka a tambaya, to ka juya yatsan, ko ka koma hannun hagu.