Haruffan burushi a allon talla: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ina aikin tsara fosta da allon shago a Shomolu da ke Legas, kuma da wuya mako ya wuce ba tare da wani daga Agege ko Mile 12 ya zo mini da waɗannan tambayoyi ba.

Mene ne haruffan burushi?

Salon haruffa ne da aka kwaikwayo daga rubutun fenti da burushi, masu kaushin gefe, irin wanda kuke gani a jikin danfo, motocin haya na Legas.

Sabon yayi ne?

A'a. Robert E. Smith ya zana Brush Script a Amurka tun 1942, Roger Excoffon kuma ya fitar da Mistral a Faransa a 1953.

Zan iya rubuta katin biki gaba ɗaya da su?

Kada ka soma. Sunan ango da amarya ya isa, amma adireshi da lambar waya a bar su da haruffa miƙaƙƙu waɗanda tsoho zai karanta ba tabarau. Kuma don Allah a daina jera su da manyan baƙaƙe zalla, domin yawancinsu an zana su ne don ƙananan su riƙe hannun juna.

Sunan shagona yana da ƙ da ɗ, amma salon da na zaɓa ya ƙi fitar da su. Yaya zan yi?

A nan ne gizo ke saƙa. Galibin masu zana waɗannan haruffa ba su yi su da Hausa a zuciya ba, saboda haka kwamfuta kan nuna akwati fanko, ko ta aro siririyar ɗ daga wani salon ta dasa a tsakiyar masu kauri. Tun kafin ka ƙwallafa rai a kan salo, ka gwada rubuta ƙwai, ɗaki da ɓera. Idan ya kasa, kuma kalmomin ba su wuce biyu ko uku ba, nakan mayar da rubutun zane a manhajar zane ta CorelDRAW, in yanko lanƙwasar saman f ta wannan salon in ɗora a kan k ko d, domin kaurinsu da kaushinsu ɗaya ne. Sau da yawa yana yi, amma ba kullum ba. Idan salon na busasshen burushi ne mai zare-zare, mahaɗar takan buya a fuskar kwamfuta, sai an buga ta a babban ƙyallen talla (bana) ta tona asiri. A irin wannan hali, wataƙila gara ka nemi mai rubutun allo da hannu ya yi maka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jefar da ƙugiyar: na taɓa ganin allon masauki da aka nufi "Maraba da baƙi" ya koma "Maraba da baki".

Me ya sa nawa bai yi kama da aikin hannu ba?

Domin kowace "a" ta fito tagwayen 'yar uwarta, alhali hannu ba ya haka. Kwantar da hankalinka, wasu salon OpenType (wani tsarin fayil ɗin haruffan kwamfuta) suna zuwa da siffa biyu ko uku na harafi ɗaya, sai ka riƙa sauyawa.

Na sauko da shi kyauta a intanet, ai shi ke nan?

Karanta takardar izininsa, Alhaji. Da yawa kyautar ta amfanin kai ce kawai, ba ta allon kasuwanci ba.