Indiyawan Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata

Duk wanda ya taɓa kallon muhawarar Sheikh Ahmed Deedat ya san Ba'indiye ne, amma a Durban ya tashi.

To me ya kai Indiyawa can tun farko?

Rake ne fa. Turawan Ingila sun buɗe gonakin rake a yankin Natal, inda Durban take, suna neman ma'aikata masu arha, sai suka koma Indiya suna ɗebo talakawa da yarjejeniyar shekara biyar. Jirgin farko, Truro, ya iso Durban daga Madras a Nuwamba 1860, kafin a tsayar da abin a 1911 an kwaso mutum sama da 150,000. Sunansa kwantiragi, amma da kaɗan ya fi bauta. Daga baya 'yan kasuwan Gujarat, yawancinsu Musulmi, suka biyo da kuɗin jirginsu, su suka kafa babban masallacin titin Grey.

Gandhi fa?

A matsayin lauya ya je a 1893, a shekarar aka jefo shi daga jirgin ƙasa a Pietermaritzburg don ya zauna a taragon Turawa. Ya bar ƙasar a 1914. Sai dai kar mu ɓoye, a farkon zamansa haƙƙin Indiyawa kawai yake karewa, har ya rubuta kalaman raini kan baƙar fata.

Su ma wariyar ta shafe su ne, ko baƙar fata kaɗai?

Ta shafe su sosai, amma da wayo aka yi ta. An ajiye su a tsakiya, ƙasa da Bature, sama kaɗan da baƙar fata, yadda kowa zai riƙa hararar ɗan'uwansa ya manta da wanda ya raba su, kuma hakan ya yi aiki don a Janairun 1949 rikici ya ɓarke a Durban tsakanin Zulu da Indiyawa, mutum 142 suka mutu. Dokar raba unguwanni ta 1950 kuma ta tashe su daga Cato Manor da wasu unguwanni aka watsa su Chatsworth da Phoenix can bayan gari, na Johannesburg aka kai su Lenasia. Ka duba fa, mai shago an raba shi da masu sayen kayansa. Sai 1961 ma gwamnati ta yarda 'yan ƙasa ne, bayan shekara ɗari!

Sun yi shiru kenan?

Ina! A 1947 shugabannin Indiyawa, Dakta Dadoo da Dakta Naicker, suka ƙulla yarjejeniyar haɗin kai da Dakta Xuma na ANC, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata. Ahmed Kathrada ya sha ɗaurin shekara 26, tare da Mandela aka yanke musu hukunci a 1964. Akwai dai waɗanda suka shiga majalisar jeka-na-yi-ka da aka ware wa Indiyawa a 1984, amma yawancin mutane ko rumfar zaɓen ba su je ba. Shi kuwa Ahmed Timol, malamin makaranta, a hannun 'yan sanda ya mutu a 1971, suka ce wai shi ya faɗo da kansa daga hawa na goma. Sai a 2017 kotu ta ce kashe shi aka yi.