Haƙori ba ya kuka sai ɓarna ta yi nisa: tambayoyi da amsoshi kan tsabtar baki

Yawancin masu zuwa asibitin haƙori ba sa zuwa sai barci ya gagare su. Kafin a kai nan, ramin da ya fara kamar ɗigon baƙi ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana cin haƙorin a ɓoye. Ga tambayoyin da aka fi yi mana a asibitin haƙori.

Da gaske tsutsa ce ke cin haƙori?

Babu tsutsa. Ka sa farce ka kankari haƙorinka da safe, za ka ga wani farin datti mai yauƙi. A cikinsa ƙwayoyin cuta suke zaune, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne, abin da suke fitarwa kuma tsami ne mai narkar da ɓawon haƙori, duk da cewa babu abin da ya kai ɓawon nan tauri a jikin ɗan Adam.

Duk sa'ad da zaƙi ya shiga baki, tsamin nan yakan yi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya yana aiki kafin miyau ya kashe kaifinsa. Shi ya sa yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin illa. Wanda ya shanye kwalbar lemo lokaci guda a kan abinci, sau ɗaya haƙorinsa ya sha wuya. Wanda ya wuni yana kurɓar shayi mai sukari, ko yaron da alawa ba ta barin kuncinsa, haƙorinsa bai huta ba tun safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi.

Ɓawon haƙori ba shi da jijiya, don haka ramin farko ba ya ciwo. Idan ya ratsa zuwa sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, sai a fara jin tsirawa in an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi. Wannan ne lokacin ciko, aiki mai sauƙi kuma mai araha. Idan ya kai tsakiya, inda jijiya da hanyoyin jini suke, shi ne zogin da ke hana barci. Masu cewa suna ciro tsutsa da hayaƙi ko da tsinke, duk abin da suka nuna a faranti ba daga haƙorin ya fito ba, ramin kuma yana nan yadda yake.

Yaya ake goge baki yadda ya kamata?

Sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, kuma na dare kafin kwanciya ya fi na safe muhimmanci, domin miyau yana raguwa sosai a cikin barci. Mutane da yawa sun juya abin: suna gogewa da asuba don ƙamshin baki, su kwana da tuwon dare a tsakanin haƙora.

A zaɓi buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai da zai kai ga turamen ƙarshe. A karkata bakinsa zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa murzawa a hankali, haƙori biyu ko uku a lokaci guda. A bi ta waje, a bi ta ciki, sannan saman da ake tauna da shi. Bayan haƙoran gaba na ƙasa, wajen harshe, nan aka fi mantawa, nan kuma datti ya fi daskarewa. Dirza da ƙarfi daga hagu zuwa dama, kamar mai wanke tukunya, yana cinye wuyan haƙori ya ja dasashi baya.

A duba jikin makilin ɗin a tabbatar yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na manya ana rubuta 1350 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki. Bayan an gama, a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa, saboda ragowar man da ya zauna a haƙori shi ke ƙara masa ƙarfi. Da farko abin yakan yi wa mutum banbaraƙwai, amma ana sabawa. A canza buroshi duk wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje. Kowa da nasa, ko miji da mata.

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora. Wannan aikin zaren sakace ne, sau ɗaya a rana: a tsinko kamar kamu ɗaya, a naɗe a yatsu, a zura a hankali, a rungumi gefen haƙori da shi a goga sama da ƙasa. Tsinken tsintsiya, allura da ashana suna huda dasashi ne kawai.

Ina yin aswaki kullum. Sai na ƙara da buroshi?

Aswaki sunna ne, kuma yana cire datti sosai a hannun wanda ya iya shi, ko na Makka ne ko na darbejiya. A tauna bakinsa har ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya daga dasashi zuwa bakin haƙori, a yanke wurin da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu, a ajiye shi a wuri mai iska maimakon aljihun da ake zuba kuɗi. Inda yake gazawa biyu ne: yana da wuya ya kai bayan turamen ƙarshe da cikin haƙora ta wajen harshe, kuma ba ya ba da kariyar da makilin mai fuloraid ke bayarwa. Abin da muke ba da shawara shi ne a riƙe aswaki a lokutan salla da rana, a ƙara buroshi da makilin safe da dare.

Gawayi, toka ko gishiri suna sa haƙori fari?

Suna kankare tabon sama, tare da ɓawon da ba ya sake tsirowa. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawo ruwan ɗorawa ne, saboda haka mai dirza gawayi shekara da shekaru haƙorinsa ƙara rawaya yake yi, ga tsirawa. Lemon tsami ya fi su ɓarna. Tabon goro, taba da shayi yana fita da wankin asibiti.

Akwai tabon da ke cikin jikin haƙorin, ruwan ƙasa ko fari fat kamar alli, wanda ake samu a garuruwan da fuloraid ya yi yawa a ruwan rijiya ko burtsatse, kamar yankin Langtang a Filato, Kaltungo a Gombe da Tibiri a jihar Maraɗi. Yana samuwa ne tun haƙori yana ginuwa a ƙuruciya, ba ƙazanta ba ce, kuma gogewa ba ta fitar da shi. Likita ne zai iya rufe shi.

Dasashina yana jini in na goge. In daina?

A'a. Jinin alama ce datti ya zauna a gindin haƙori har dasashi ya kumbura. In aka daina gogewa, ƙaruwa zai yi. A ci gaba a hankali da buroshi mai laushi da zaren sakace, yawanci jinin yakan tsaya cikin mako ɗaya ko biyu. In bai tsaya ba, a je a duba, domin kumburin da aka bari yana gangarawa ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, har lafiyayyen haƙori ya fara girgiɗi ba tare da ya taɓa yin rami ba. Masu ciwon sukari da masu juna biyu sun fi saurin kamuwa. Mai shan taba kuwa dasashinsa ba ya cika yin jini ko da ciwon ya yi nisa, don haka rashin jinin kada ya ruɗe shi.

An ce wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su saki.

Dattin da ya kwana biyu ba a cire ba yana daskarewa kamar siminti, buroshi ba ya iya masa. Idan aka fasa shi da injin wanki a asibiti, sai giɓin da ya rufe ya bayyana, mutum ya ɗauka injin ne ya yi ɓarnar. Ɓarnar tana nan tun da, dattin ne ya lulluɓe ta. Tsirawar da ake ji bayan wankin takan lafa cikin 'yan kwanaki.

Warin baki daga ciki yake fitowa?

Galibi daga bakin ne: bayan harshe, dasashi mai ciwo, ko ramin da abinci ke ruɓewa a ciki. A riƙa goge harshe daga can baya zuwa gaba. Bushewar baki tana ƙara shi, shi ya sa yake tashi da asuba da lokacin azumi. Kanumfari da cingam rufewa suke yi na ɗan lokaci.

Haƙori ya tashe ni da tsakar dare. Me zan yi kafin gari ya waye?

Babba zai iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba, da tazarar aƙalla awa 4. Ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci yana taimakawa ƙwarai, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. A kurkure da ruwa mai ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ɗaga kai da matashi. Man kanumfari kaɗan a jikin auduga yana kashe zafin na ɗan lokaci.

Kada a danna asfirin a dasashi, yana ƙona shi. Ruwan batir, fetur, kanwa da alif duk muna ganin ƙunar da suke bari a baki. Kafso da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba shi ma ba ya rufe rami.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ciwonsa ya tsaya da kansa bayan kwana uku, ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna ci gaba da gangarawa zuwa saiwa, su tara mugunya a cikin ƙashi. Irin wannan haƙori ko dai a kwashe jijiyar a cike shi, ko a cire shi. In fuska ta kumbura, ko ƙarƙashin muƙamuƙi ya yi tauri, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi yana wuya, kada a jira wayewar gari. Wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro, asibiti za a nufa nan take.

Cire haƙorin sama yana taɓa ido?

Ba ya taɓawa. Jijiyar gani daban take da ta haƙori. Bayan an cire, a cije audugar da aka sa na kamar rabin awa. A yini na farko ba kurkura, ba yawan tofi, ba taba, ba abinci mai zafi, kuma kada a sa harshe ko tsinke a ramin. Gudan jinin da ya daskare a wurin shi ne murfin ciwon. In ya fita, ƙashi yakan zauna a buɗe, zogin da ke biyo baya a kwana na uku ko na huɗu kuma ya fi na farko. Daga washegari sai a fara kurkurawa a hankali da ruwan gishiri bayan kowane abinci.

Haƙoran yara ai famfara za su yi. Me ya sa za a damu da su?

Haƙoran nono 20 ne, na farko yakan fito wajen wata 6, kuma su ke riƙe wa na dindindin gurbi. Turamen nono ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, to yaron da nasa suka ruɓe yana shekara 4 zai daɗe yana shan wuya. A fara gogewa tun haƙori na farko: makilin kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6, babba yana taya shi har ya kai shekara 7. Kada a kwantar da jariri da fida mai shayi ko madara mai sukari a baki.

A wajen shekara 6 wani turmi yakan fito can baya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Na dindindin ne, iyaye kuma sukan ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe.

Fitar haƙora tana kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Gudawa da zazzaɓi mai zafi kuwa ciwo ne da ke buƙatar asibiti, kada a ce ai haƙora ne. A yi hattara da ruwan maganin fitar haƙora: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wanda ake kira My Pikin, da ya gurɓata da guba, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya. Tsaftataccen yatsa da za a murza dasashi da shi ya wadatar.

Ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame, musamman bayan ƙyanda, in aka ga gyambo a dasashi, wari mai ƙarfi da kumburin kunci, a garzaya da shi asibiti a ranar. Cutar da ake kira noma, mai cinye naman baki da fuska, haka take farawa, tana iya huda kunci cikin kwanaki kaɗan, amma magani yana tsayar da ita in an zo da wuri. A Sakkwato akwai asibitin yara da aka keɓe mata tun 1999.

Yaro ya faɗi, haƙorinsa ya fita gaba ɗaya. Ana iya mayarwa?

Na dindindin ana iya mayarwa, na nono ba a mayarwa don kada a ɓata wanda ke tahowa a ƙarƙashi. A ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu da madara ko ruwa mai tsabta, ba sabulu, ba kankarewa. A tura shi cikin raminsa, yaron ya cije tsaftataccen ƙyalle. In hakan ya gagara, a jefa shi cikin kofin madara, ko cikin miyan yaron a ƙaramin mazubi, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A isa wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya, in da hali cikin rabin awa.