Me Ya Kawo Mu Duniya? Waiwaye Kan Wata Tsohuwar Tambaya a Arewacin Kamaru

Duk shekara, wajajen watan Yuni, ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Garwa da Marwa da Ngaundere kan zauna jarrabawar kammalawa da ake kira bak, kuma cikin darussan da ake gwada su akwai falsafa, wadda su ke kira filo. A nan ne yaron da ya yi saukar Alƙur'ani kan ci karo da masu tambayar ko rayuwa tana da wata manufa, ko kuwa mutum ne ke ƙaga wa kansa ita. Iyaye da yawa na ɗaukar wannan a matsayin fitinar da boko ya shigo da ita. Amma tambayar ta riga boko zuwa ƙasar nan, kuma an sha ja-in-ja a kanta tun zamanin fatake.

Hausawa sun yawaita a wannan yanki ne bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajajen 1809. Fulani suka kafa sarautun lamido, fatake kuma suka biyo da tufafi da kayan fata, suna neman goro da hauren giwa har Banyo da Tibati. Sun zo da amsarsu a shirye, wadda malamai ke karantarwa daga aya ta 56 ta suratuz Zariyat: ba a halicci mutum da aljan ba sai don bauta. A kan wannan babu gardama. Inda aka rarrabu shi ne nauyin da ya kamata a ba duniyar kanta, tunda a cikinta za a yi bautar.

Waƙoƙin wa'azi na ajami, na Hausa da na Fulatanci, waɗanda almajiran Shehu da 'yarsa Nana Asma'u suka yaɗa, ba su raga wa duniya ba. Sun siffanta ta da mayaudariya mai kwalliya wadda ba ta da miji ɗaya, suka cika kunnuwa da zancen kabari da hisabi. Karin maganar nan da ke cewa duniya budurwar wawa ruhinta ɗaya da su. Abin lura shi ne, mutanen da ke rera waɗannan baitoci da dare su ne ke ɗaura wa jakuna kaya da asuba su yi tafiyar watanni don riba. Ba su ga saɓani a ciki ba, domin karatun Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya ratsa zaurukan malamai da ra'ayin cewa duniya gonar lahira ce. Bafatake ya nemi dukiya, ya ciyar da baƙo, ya aurar da 'ya'ya, ya fitar da zakka, in Allah ya nufa ya sauke farali. Rayuwa ta cika ke nan.

Akwai kuma ma'auni na biyu da ba a rubuta shi a allo ba. Wanda ke son ganinsa ya je zaman makoki a kowace unguwar Hausawa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga buta ga farantin dabino, kowa ya zo ya durƙusa ya yi addu'a a shafa. Sai wani dattijo ya ce wa ɗan mamacin, "Sai haƙuri, ɗana. Mahaifinka bai taɓa cin amanar kowa ba." Wani ya ƙara da cewa, "Halinsa na gari ya bi shi." Ba wanda zai lissafa shagunansa, kuma ba wanda zai yi shaidar ibadarsa ta ɓoye, tunda wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da jama'a ke aunawa shi ne yadda ya zauna da mutane. A 1974 Bature Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ciki har da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Maƙwabtanmu Fulani suna da nasu a cikin pulaku, wato tsarin ɗabi'un Bafillace, wanda shi ma ya ginu kan kunya da haƙuri da hankali. Aristotle, masanin falsafar Girka, wanda ya ce kyakkyawar rayuwa tana cikin aikata halaye nagari a tsakanin jama'a, da zai zauna a wannan tabarma da bai ji baƙunta ba.

Wannan daidaito kan karye ne idan zamani ya rikice. Shekarar 1300 ta Hijira ta kama a ƙarshen 1882, lokacin da labarin Mahadin Sudan ke yawo, mutane suka ɗauka ƙarshen duniya ya ƙarato. Hayatu ɗan Sa'idu, jinin gidan Shehu kuma mabiyin Mahadin, ya zauna a Balda kusa da Marwa, jama'a suka bar gonaki da dangi suka taru gare shi. An kashe shi a 1898, Rabe ya faɗi a Kuseri a 1900, Jamusawa suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, sannan a 1907 suka murƙushe boren Mahadiyya na Goni Wadai. Wasu kuwa hijira suka zaɓa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Suka nausa gabas a ƙafa ta ƙasar Chadi da niyyar Makka, da yawa suka ƙare rayuwarsu a hanya ko a Sudan. A wajen waɗannan, duniya ta riga ta zama abin gudu.

Makarantar Faransa ta kawo amsa ta daban, ko da yake ta makara kafin ta kama a arewa. Bayan yaƙin duniya na biyu masanin falsafar Faransa Jean-Paul Sartre ya ce mutum kan fara samuwa ne tukuna, sannan ya gina kansa da abin da ya zaɓa. Albert Camus ya ce duniya ba ta ba mai neman ma'ana amsa, amma duk da haka a rayu, kada a kashe kai. Ga wanda ya taso da imani da ƙaddara, wannan magana ce mai ɗaci, kuma ɗalibai da dama kan haddace ta ne don maki kawai. A ganina waɗanda suka fi taɓa mu 'yan gida ne, wato masanan falsafar Kamaru. Marcien Towa ya dage cewa babu al'adar da ta fi ƙarfin a bincike ta. Ebénézer Njoh-Mouelle kuwa, a littafinsa na 1970, ya tambayi amfanin ci gaba idan mutum ya tara abin hannu amma ya kasa tunani da ƙirƙira da kansa. Ya kuma nuna yadda talauci da camfi ke danne mutum. Da aka kafa jami'ar Ngaundere a 1993 da ta Marwa a 2008, 'ya'yan mahauta da 'yan koli suka fara wannan muhawara a ƙofar gidajensu.

A masallatai ma ba a tsaya cik ba. Tijjanawa mabiya Shehu Ibrahim Inyass sun fifita sanin Allah ta hanyar tarbiyya da zikiri, yayin da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma tsallako iyaka, ta fifita gyaran aƙida da bin sunna. Sun yi zafi da juna, amma dukkansu sun bar mutum a kasuwarsa da iyalinsa.

Wanda ya fasa wannan shi ne Boko Haram. Tun daga 2014 hare-harenta suka addabi Kolofata da Fotokol da sauran garuruwan iyaka a jihar Arewa Mai Nisa, kuma a Yulin 2015 aka ɗaura wa 'yan mata bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare. Ƙungiyar ta ɗauki tsohon zancen raina duniya ta yanke shi daga amana da tausayi da suka kasance abokan tafiyarsa, ta sayar wa samarin da ba su da gona ba su da jari. Malamai sun mayar da martani da aya ta 29 ta suratun Nisa'i, wadda ta hana kashe kai, da ta 32 ta Ma'ida kan girman rai guda. Hujjar malaman ta fi ƙarfin ta ƙungiyar nesa ba kusa ba, sai dai ba ta warware matsalar saurayin da ya gama jami'a yana acaɓa a titunan Marwa, ga shi ya haura talatin bai iya haɗa lefe ba. Tsohon ma'aunin ya ce cikar mutum ya ciyar, ya aurar, ya karɓi baƙo, shi kuwa har yanzu a ɗakin zauren mahaifinsa yake kwana.