Daƙiƙa 0.6: yadda Minnesota ta fitar da Dakota ta Arewa a wasan hoki na kan ƙanƙara

Wane wasa ne wannan?

Karawa ce tsakanin Jami'ar Minnesota da Jami'ar Dakota ta Arewa, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar hoki ta jami'o'in Amurka. An yi ta ranar Alhamis 10 ga Afrilu 2014 a birnin Filadelfiya. Ƙungiyoyi 16 ne ke shiga gasar, wanda aka doke sau ɗaya ya tattara kayansa, huɗun da suka rage kuma su haɗu a gari ɗaya a matakin da ake kira Frozen Four. Minnesota ta yi nasara da ci 2 da 1, kuma ta jefa ta biyun ne saura daƙiƙa 0.6 a tashi, alhali tana da 'yan wasa ƙasa da na abokiyar karawarta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, yaya ake buga shi?

Fili ne na daskararren ruwa, tsawon mita 61 da faɗin kusan mita 26, an kewaye shi da katanga. 'Yan wasa suna sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, da shi suke sulalewa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne baƙi, mai tauri, faɗinsa kamar gindin gwangwanin madara, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ragar ƙarama ce, faɗin mita 1.83, ga mai tsaron gida ya jibga sulke ya kusa cike ta.

Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida. Zango uku ake yi, kowanne minti 20, kuma da an busa usur agogo yake tsayawa, shi ya sa ake iya lissafa ɓarin daƙiƙa. Gudun ya yi tsananin da ɗan wasa bai cika cika minti ɗaya a ciki ba, sai ya garzaya benci wani ya tsallako, wasa na ci gaba.

Me ya haɗa jami'o'in nan biyu gaba?

Maƙwabtaka, da daɗewar zama tare. Jami'ar Dakota ta Arewa tana garin Grand Forks, a bakin kogin da ya raba jihohin biyu. Ka haye gada ka shiga Minnesota. Sun shafe gomman shekaru a rukuni ɗaya mai suna WCHA, suna haɗuwa duk kaka. Sannan gonarsu ɗaya: jihar Minnesota ce ke yaye ƙwararrun yara daga makarantun sakandare, Dakota kuma ta iya zawarcinsu. A wannan wasan ma, mai tsaron gidan Dakota, Zane Gothberg, ɗan Minnesota ne, haka shi ma wanda ya ci mata ƙwallonta ɗaya tilo.

Akwai tsohon bashi kuma. A 1979 Minnesota ta doke Dakota da ci 4 da 3 a wasan ƙarshe, ƙarƙashin koci Herb Brooks, wanda shekara ɗaya bayan nan ya kai matasan Amurka suka kayar da Tarayyar Sobiyet a gasar Olamfik. A 2005 Dakota ta rama a wasan kusa da na ƙarshe, ta sake fitar da su a 2007. Alamar Minnesota wani ɓeran daji ne mai haƙa rami, to an san magoya bayan Dakota da jefa mushensa cikin fili idan Minnesota ta zo musu baƙunta. Abin ƙyama ne, amma yana nuna inda zuciya ta kai.

A 2013 aka raba su rukuni, Minnesota ta koma Big Ten, Dakota ta koma NCHC. Wannan kakar ce ta farko da ba a haɗa su a jadawali ba, sai ga shi gasar ƙasa ta haɗa su da kanta.

Wa aka fi sa wa rai?

Minnesota, nesa ba kusa ba. Ita ce ta ɗaya cikin 16, Dakota kuwa da ƙyar ta samu gurbi. Amma da aka shiga fili sai labari ya sha bamban. Dakota ce ta fi kai hari, mai tsaron gidan Minnesota, Adam Wilcox, shi ya yi ta tare su. Zango biyu suka wuce babu ci. Sai a tsakiyar na uku Sam Warning ya ci wa Minnesota, ba a cika minti ɗaya ba Connor Gaarder ya farke.

To ina maganar ƙarancin 'yan wasa ta shigo?

Nan ne gishirin labarin. A hoki, idan ka yi laifi irin riƙe abokin karawa ko sa masa sanda a ƙafa, ba kati ake ba ka ba. Fitar da kai ake yi ka zauna a wani ɗan keɓaɓɓen wuri na minti 2, kuma ba wanda zai maye gurbinka, wato huɗu za su tsaya gaban biyar, ban da masu tsaron gida. Idan masu biyar suka ci, sai a sake ka. Wannan ita ce babbar damar cin ƙwallo a wasan, kuma kowace ƙungiya tana da zaɓaɓɓun mutanenta na irin wannan lokaci.

Saura ƙasa da minti 2 a tashi alƙali ya fitar da ɗan Minnesota ɗaya. Abin da ake tsammani daga masu huɗu a nan sananne ne: da faifan ya zo hannunka ka wurga shi can ƙarshen fili, dokar ma ta yarje maka hakan muddin kana da gibi, ka ci lokaci a je ƙarin lokaci.

Yaya aka yi ƙwallon ta shiga?

Saura ƙasa da daƙiƙa 10, alƙali ya saki faifan tsakanin mutum biyu a kusa da ragar Minnesota. 'Yan Dakota duk hankalinsu na kan bugu ɗaya na ƙarshe. Faifan ya faɗa wajen Justin Holl, ɗan baya, ɗan ajin ƙarshe, wanda duk kakar bai ci ko ɗaya ba. Maimakon ya wurgar, sai ya ja shi ya yi gaba, ya miƙa wa Kyle Rau, shi kuma bai tsaya ba ya bi sahu. Rau ya buga, aka tare, faifan ya dawo daidai ƙafar Holl. Ya tura shi da takalmi zuwa bakin sandarsa ya buga ƙasa-ƙasa, ya wuce Gothberg ta gefen turken da ke nesa.

Turawar nan da ƙafa halal ce. Abin da doka ta hana shi ne a shura faifan kai tsaye cikin raga.

Sa'a ce ko gwaninta?

Dawowar faifan ƙafarsa sa'a ce, babu musu. Amma ni a wurina, abin da ya ci wasan shi ne bin sahun da Holl ya yi. Ɗan bayan da ke da gibin mutum ɗaya, wurinsa gida. Da lokaci na da yawa, fitar da ya yi ganganci ce da za ta iya jawo masa faɗan koci Don Lucia. Sai dai da daƙiƙa ƙalilan, ko an ƙwace faifan babu lokacin da Dakota za ta dawo da shi ta ci. Hasarar babu, ribar kuwa wasan ƙarshe. Su kuma 'yan Dakota sun matsa gaba ne don su ci, kamar yadda kowa zai yi da rarar mutum, shi ya bar fili a bayansu.

Minnesota ta ɗauki kofin?

Ina! Kwana biyu bayan haka, Kwalejin Union ta jihar New York, ƙaramar makaranta mai ɗalibai dubu biyu da 'yan kai, ta lallasa ta da ci 7 da 4 ta ɗauki kofinta na farko. Minnesota ta tsaya a kofuna biyar, na bayan nan su ne 2002 da 2003.

Dakota kuwa ba ta jima tana jinya ba. Kocinta Dave Hakstol ya tafi a 2015 ya karɓi ƙungiyar Flyers ta gasar ƙwararru ta NHL, mai wasa a zauren Filadelfiya da aka yi wannan karawar. Mataimakinsa Brad Berry ya gaje shi, kuma a 2016 ya ciyo wa Dakota kofinta na takwas, bayan doke Quinnipiac da ci 5 da 1. Shi ma Holl ya kai NHL, ya yi shekaru yana tsaron baya a Toronto Maple Leafs kafin ya koma Detroit a 2023.