Sana'a ɗaya cikin shida: zaɓin da sabuwar manhaja ta bar wa iyaye a ƙaramar sakandare

Bayan sallar isha'i ƙanwata ta shigo gidanmu da 'yar takarda a ƙudundune a bakin mayafi, 'yarta na biye da ita. Yarinyar ta gama firamare, za ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandaren da ke garin gaba da mu, nan ƙasar Kura. "Yaya, duba min wannan," in ji ta. "Wai an ce ta zaɓi darasi. Ni a sanina makaranta ce ke ba yaro abin da zai karanta, yaushe aka fara tambayar mu?" Na haska fitilar waya, sai ga sunayen sana'o'i shida da rubutun yarinyar, ta kwafo daga allo, biyu daga ciki ma ba ta rubuta daidai ba.

Abin da na faɗa mata a daren nan shi zan maimaita, don na san ba gidanmu kaɗai takardar nan ta shiga ba.

Ba shugaban makaranta ne ke zama ya tsara darussa ba. Akwai hukumar tarayya mai suna NERDC, ita ke rubuta manhajar firamare da sakandare ta ƙasa baki ɗaya, jihohi kuma su aiwatar. A 2025, daf da komawa makaranta, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Sa'idu Ahmad, wadda 'yar Jigawa ce, ta sanar da sabuwar manhaja. Dalilin da aka bayar shi ne darussa sun yi wa yara yawa, ana ta lodi ba a fahimta. Aka ce ɗan ƙaramar sakandare zai ɗauki darussa 12 zuwa 14. Aka kuma ce ba a lokaci ɗaya za a sauya wa kowa ba: a ƙaramar sakandare an fara da masu shiga aji ɗaya a shekarar karatu ta 2025/2026, su za su yi ta hawa da ita, waɗanda suka riga su kuma su ƙarasa da tsohuwar. Saboda haka idan kana da yara biyu a makaranta ɗaya ka ga littattafansu sun bambanta, ba kuskuren malami ba ne.

Cikin goma sha biyun nan, mafi yawa babu ruwanka da zaɓi. Turanci da Lissafi da Kimiyya dole ne. Haka motsa jiki da kiwon lafiya, da fasahar kwamfuta, da Tarihin Najeriya, da darasin zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa, da al'adu da fasahar hannu, da ilimin kasuwanci. Harshen gida guda ɗaya ake ɗauka cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, a wajenmu kuwa wannan zaɓi ne a takarda kawai. Darasin addini an rubuta shi a fili: na Musulunci ga ɗalibi Musulmi, na Kiristanci ga ɗalibi Kirista. Wannan ya shafi ƙauyukan kudancin Kano inda ake da Hausawa Kiristoci. Ba a tilasta wa yaro zama a darasin addinin da ba nasa ba. Idan ka ƙirga, goma sha ɗaya ke nan. Na sha biyun shi ne sana'a, a nan hannun iyaye ke shiga.

Sana'o'in shida ne, ɗaya ake ɗauka: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, sai noman lambu da amfanin gona.

Da na karanta wa ƙanwata, tun ban rufe baki ba ta ce, "Ai kwalliya za ta yi, ko ɗinki. Sauran na maza ne." Manhajar ba ta ce haka ba. Babu inda aka ware wa 'ya mace wata sana'a, aka ware wa namiji wata. Kuma in gaskiya za a faɗa, wa ke kiwon awaki da kaji a gidajenmu in ba mata ba? Tunkiyar da ake turkewa don babbar salla, yarinya ce ke yi mata dusa da ƙaiƙayi safe da yamma. Idan aka koya mata lokacin allurar rigakafi, da yadda ake gane tsutsar ciki tun dabba ba ta rame ba, da lissafin abin da aka kashe da abin da aka samu ranar da aka kai Wudil, ba ƙaramin abu aka ba ta ba.

Mijin ƙanwar tawa shi kuma nasa ra'ayin daban, ya aiko cewa noma dai kada a zaɓa, don ba za a tura yaro boko ya dawo da fartanya ba. Na gane abin da yake ji. Amma mu da muke shan ruwan Tiga, muke noman tumatir da shinkafa da albasa rani da damina, asararmu ba ta rashin iya huɗa ba ce. Ta rashin sanin awon taki ce, da feshin da ake yi da ka, da tumatirin da ke ruɓewa a kwando idan kasuwa ta cika. Yaron da ke da gonar uba a bayan gida shi ne ya fi kowa damar gwada abin da aka koya masa ranar da aka koya masa. Wanda ya ɗauki gyaran waya kuwa, in makarantar ba ta da ko matacciyar waya ɗaya ta kwancewa, zai shekara uku yana zana hoton batir a littafi.

A nan gizo ke saƙar. Takardar Abuja ta lissafa shida, amma makarantar ƙauye ba za ta koyar da abin da ba ta da malaminsa ba. Sola sana'a ce mai ci yanzu, kowa na gani: famfon burtsatse, shagon cajin waya, firjin mai ƙanƙara, har injin ban ruwa an fara mayar da shi na rana saboda tsadar fetur. To amma akwai farantin sola a makarantar? Akwai wanda ya taɓa haɗa waya da hannunsa cikin malaman? Ɗinki yana son keke, ko da guda biyu ne yara arba'in su yi layi. Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Uba ko uwa ko wa ya taka zuwa makarantar, ya gaida shugaba, ya tambaya cikin shidan nan wanne ake koyarwa a zahiri, wa ke koyarwa, ina kayan aikin. Gani ya kori ji. Idan abu ɗaya kawai suke da shi, gara a sani tun yanzu. Sai a ɗauke shi, sana'ar da yaro ke so kuma a kai shi wurin mai ita a gari da yamma ko ranar Asabar, yadda aka saba tun kaka da kakanni. Idan kuma iyaye da yawa na son wata sana'ar da babu, wurin maganar shi ne taron iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, inda mai unguwa da liman da wakiliyar mata ke zama. Tela ɗaya na gari da zai yarda ya riƙa shigowa sau ɗaya a mako ya fi wasiƙa goma zuwa birni saurin amfani.

Saura biyun da ke kai lissafi 14: Larabci da Faransanci. Duka biyun ganin dama ne. Yaro na iya ɗaukar ɗaya, ko duka, ko ya bar su. A ganina wanda ke zuwa Islamiyya ko ya yi allo, Larabci riba ce a kwance, kuma yana buɗe masa hanyar makarantun Arabiyya a gaba. Faransanci mutanenmu kan yi masa dariya, amma ɗan Maigatari ko Ɓaɓura da ke ganin fatake daga Damagaram kowane mako ya san inda ake cin moriyarsa. Matsalar dai ita ce ta ɗazu, malami. Kuma yaron da har yanzu karatun Turanci ke ba shi wuya, ƙara masa darasi na sha huɗu ba gata ba ne.

Ƙanwata ta yi shiru, can ta tambayi abin da ya fi damunta: "To nawa za a ce mu kawo?" Wannan kam doka ta yi magana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Sashe na 3 ya ce wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da dokar ta ce kyauta ne, ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Cikin abubuwan da ta lissafa akwai littattafai da kayan koyarwa da ajujuwa da kujeru. Kowa ya san tsakanin wannan rubutu da abin da ke ƙasa akwai tafiya, yara na zaune a kan buhu a wurare da dama. Idan iyaye suka zauna suka yarda da kansu za su yi karo-karo a sayi zare da allura, wannan taimakon kai ne. Amma a ce ba za a rubuta sunan yarinya a darasin sana'a ba sai ta kawo kuɗi, ko a kore ta gida a kan haka, wannan ba shi da gindi a doka, kuma ana iya kai maganar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Dokar ba ta bar iyaye ba su ma. Sashe na 2 ya ɗora musu nauyin tura yaro har ya kammala: karon farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya, daga nan naira 5,000 ko wata biyu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma su ke nuna cewa cire yarinya a aji biyu laifi ne a hukumance.

Abu ɗaya da na ja kunnenta a kai shi ne yawan sauyi. Jarrabawar ƙarshen aji uku, wadda ake ce wa BECE, tana tattaro karatun shekara ukun ne, ana kuma haɗawa da makin gwaje-gwajen cikin aji. Wanda ya yi ɗinki a aji ɗaya ya koma sola a aji uku zai shiga ɗakin jarrabawa da rabin kaya. Sannan sana'ar ba ta ƙarewa a nan, don a babbar sakandare ma tana cikin darussa biyar na dole, kuma daga shidan nan ake zaɓa. Sai dai kada a ɗauka zaɓin sana'a ne ke yanke wa yaro ko zai zama likita. Mai burin makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Kano ta buɗe tun 1977, Lissafi da Turanci da Kimiyya ne za su shigar da shi, ko kiwo ya ɗauka ko kwalliya.

Duk wannan surutun, yarinyar na raɓe a bakin ƙofa ba wanda ya tambaye ta. Na ce, "Ke fa, 'yar gidan Kawu, wanne kike so?" Ta rufe fuska ta ce gyaran waya, wai ita ke gyara wa babarta idan ta ƙi caji, da tsinken tsintsiya take sakace ramin. Uwar ta yi salati. Muka tsayar cewa ranar Litinin zan raka ta makarantar mu ga ko akwai mai koyarwa. In babu, kiwo za ta ɗauka, tunda akuyar da kakarta ta ba ta tana da ciki.