Kwana uku a Garnaɗa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da harkar fata ta fara kai ni Sifaniya ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisa ba. Laifina ne, ni na nuna hotunan Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Garnaɗa, a salula. Daga ranar, ko a kasuwar Dole aka gan ni sai an tare ni, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan wuri guda. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai ina ne ma Garnaɗar?

Kudancin Sifaniya, yankin Andalus. A tikiti da taswira Granada za ka gani. Ita ce birni na ƙarshe da ya rage a hannun sarakunan Musulmi a ƙasar, har ran 2 ga Janairun 1492 da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa ta ga sarakunan Kirista, Fernando da Isabela.

Kwana uku sun isa?

Sun isa. Garin ba shi da girma, da ƙafa ake zaga shi. Kwanakin hanya ka lissafa su daban: daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, sannan jirgi ta Kasablanka ko Istanbul zuwa Malaga, sannan bas ta kamar awa biyu.

Biza fa?

Ba ni nake bayarwa ba, kuma ban san kowa a ciki ba. Bizar Shengen ce, kuɗinta Yuro 90 ga babba, ana neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da shaidar masauki da tikitin dawowa. Masu raɗa mini cewa in sun shiga ba za su dawo ba, su daina. Ku kuke sa a hana na bayanku.

In biza ta fito, me zan fara saya?

Tikitin shiga Alhambra, ta intanet, tun kana nan gida. Na faɗi wannan har bakina ya bushe. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, kuma daga Afrilu zuwa Yuni tikiti kan ƙare tun saura makonni. Lokacin da na je kuɗin kusan Yuro 20 ne, jika 13 da ƴan kai. Da sunanka da lambar fasfonka ake yanka shi, don haka ka riƙe fasfo a ranar, ba hotonsa ba.

A jikin tikitin akwai sa'ar shiga fadojin Banu Nasar, zuriyar sarakunan da suka gina Alhambra, wato ainihin abin da ka zo gani. Sa'ar nan ba irin ta ɗaurin aurenmu ba ce da ake cewa ƙarfe tara a taru sha ɗaya. Wani Alhaji abokin tafiyata ya tsaya ɗaukar hoto a lambu, ya iso ƙofa a makare, ya yi magiya da Faransanci, ya yi da Larabci, mai gadi ya yi murmushi ya nuna masa agogo. Ganuwa da furanni ya kalla ya koma otel.

Zan iya tafiya da kilishi?

A'a. Dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan nono daga ƙasashe irin tamu, ko busasshe ne. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk a bar su gida. Hajiya, na san kin ce a tsakiyar zannuwa za ki naɗe shi. Karnukan filin jirgi ba su san kunya ba. Garin yaji dai ki ƙulla, za ki gode mini, don abincinsu ba ya da zafi ko kaɗan.

To me Musulmi zai ci a ƙasar da aka ce ko'ina alade ne?

Yauwa. Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a gyara zama, kuma ba ni da amsa guda da za ta gamsar da kowa.

Gaskiya ne alade ya cika musu girki. Ka shiga gidan abinci ka ɗaga kai, za ka ga cinyoyi rataye a rufi kamar an shanya layya. Wannan shi ne jamón, ana faɗinsa hamon. Wanda ke rataye ba shi ne matsala ba, ai kana ganinsa. Matsalar wanda ke ɓoye. Akwai miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, salmorejo: ita kanta tumatir ce da burodi da man zaitun, amma a samanta sai a barbaɗa yankakken hamon. Croquetas, masu kama da ƙosai dogo, galibi shi ne a cikinsu. Wake da ake kira habas, a Garnaɗa da hamon ake soya shi. Romon da aka dafa shinkafa ko lentil da shi, sau da yawa da ƙashin alade aka haɗa. Har kayan zaƙi ba su tsira ba: in ka ga kalmar manteca a jikin leda, galibi kitsen alade ne, kuma da shi ake yin mantecados da ake ci lokacin Kirsimeti. Chorizo, morcilla, lomo, panceta, tocino, kayan alade ne, ka haddace su kamar yadda ka haddace sunayen maƙiyanka.

Wani abin kuma, in ka ce ba ka cin nama, mai kawo abinci na iya gyaɗa kai ya kawo maka faranti da hamon a kai, domin a wurin wasunsu ɗan barbaɗen nan ba ya cikin lissafin nama. Don haka ka ambaci sunansa. Ka ce "sin cerdo, sin jamón", wato ba alade, ba hamon. Da Hausar baki: sin serdo, sin hamon. In kana son tambaya ko akwai shi a ciki: "yeba serdo?" Ba sa jin haushi. Maroko na tsallaken ruwa, sun saba da Musulmi.

Al'adar Garnaɗa ce in ka sayi abin sha, ko lemon kwalba ne, a haɗo maka da ɗan faranti kyauta, shi ne tapa. Daɗi gare ta, amma a wurare da yawa mai shago ne ke zaɓar abin da zai ba ka. Tun kana faɗin abin shanka za ka faɗi sharaɗinka, ba sai faranti ya sauka ka fara a'uziyya ba. Kuma ka yi hattara da abin shan da ake kira mosto. Wani wuri ruwan inabi ne zalla, wani wuri a Andalus sabuwar giya ce ake kira haka. Ni na daina nemansa gaba ɗaya, lemon zaƙi da aka matse a gabana ya ishe ni.

Abin da nake ci hankali kwance: tortilla de patatas, wainar ƙwai ce mai kauri da dankalin Turawa, soyayyun ƙananan kifaye, gauta baƙa da aka soya aka zuba wa zumar rake, berenjenas con miel, wadda in ka ɗanɗana sau ɗaya kullum sai ka nema, remojón, haɗin lemon zaƙi da kifi mai gishiri da zaitun da albasa, da safe kuma gasasshen burodi da markaɗaɗɗen tumatir da man zaitun, ko churros a tsoma a cakulan mai zafi.

Amma ko a nan akwai inda zuciya kan tsaya. Man da aka soya maka kifi, wa ya san abin da aka soya a ciki kafin naka? Wuƙar da ta yanka maka burodi fa? A gidan da kifi kawai suke yi, damuwar ba ta da yawa. A ƙaramin shagon da kasko ɗaya ne, sai dai ka tambaya, kuma amsar da za ka samu gwargwadon gaskiyar mai shagon ce da gwargwadon cunkoson da yake ciki. Haka ruwan khal da suke sa wa gazpacho, wata miyar tumatir mai sanyi, daga giyar inabi ake samo shi. Abin da na ji daga malamai shi ne giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal ta tsarkaka, amma akwai magana kan wadda aka rikiɗar da gangan. Naman da aka dafa da giya kuwa, irin wutsiyar sa da suke alfahari da ita, wannan na bar musu.

Sai babbar: naman sa da kaza da rago a gidan abincin da ba na Musulmi ba. Wasu na kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi. Wasu na cewa yankan masana'antar yau, inda ake sumar da dabba kafin wuƙa kuma ba ka san wanda ya yanka ba, ba shi ne wancan ba. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Ka tambayi malaminka tun kana Damagaram, kada ka bari sai yunwa ta kama ka a bakin titi ka fara neman fatawa a salula. Abin da ni nake yi: a gidajen ƴan ƙasa kifi da ƙwai da ganye, in kuma nama nake marmari sai in gangara titin Elvira ko Calderería Nueva, inda ƴan Maroko da Siriya ke da gidajen abinci na halal, in ci tajin ko kuskus in kora da shayin na'ana'a. Ko can ɗin, rubutun halal a ƙofa ba wahayi ba ne. Ka duba ko Musulmin garin na ci a wurin.

Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka biya kuɗin jirgi har Andalus ka kwana uku kana cin shawarma da biskit saboda tsoro. Shawarma akwai ta a Yamai.

Me ya sa na je cin abinci ƙarfe bakwai na yamma na tarar a rufe?

Don ba a fara ba. Abincin rana ƙarfe biyu zuwa huɗu, na dare daga takwas da rabi ko tara. Ka cika cikinka da rana, lokacin da ake yin menú del día, faranti biyu da abin sha da kayan zaƙi a farashi guda. Inda na saba ci Yuro 12 zuwa 15 ne. Yuro ɗaya sefa 656, ka yi lissafin da kanka, sannan ka daina yi, in ba haka ba ko ruwa ba za ka sha ba. Ruwan famfonsu ma ana sha.

Akwai wurin salla?

Akwai. Babban masallacin Garnaɗa yana saman tudun Albaisin, an buɗe shi a 2003, dab da dandalin San Nikolas inda kowa ke taruwa kallon Alhambra in rana za ta faɗi. Daga lambun masallacin ma ana ganinta, ba turereniya. Hawan da wuya, duwatsu ne a shimfiɗe, ka bar takalmin Juma'a a otel. Ƙaramar bas mai lamba C31 na kaiwa. Ka sani kuma a watan Yuni magariba na wuce tara da rabi na dare, kada ka yi ta kallon agogo kana cewa sun manta.

Tsohon masallacin birnin Kurɗuba fa, zan iya yin raka'a biyu a ciki?

Ba za ka iya ba. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara gina shi wajen 785, amma tun 1236 coci ne, kuma masu gadi za su tsayar da kai. Ka shiga ka kalli ginshiƙai da mihrabi, ka fito. Kada ka je ka jawo mana magana.

Wane wata ya fi?

Afrilu, Mayu, Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan kai 40, ka baro zafi ka tarar da zafi. Disamba da Janairu kuwa garin na gindin duwatsun Siyera Nebada masu ƙanƙara, sanyin hunturunmu wasan yara ne a kansa.

Wata mata ta miƙo mini ganye a bakin babban coci, in karɓa?

Kada ka karɓa. Tana kama hannunka za ta fara duba, sannan ta nemi kuɗi. Ka ce "no, gracias" kana tafiya.

Duk wannan wahala don tsohon gini? Mu ma ai muna da fadar Sultan a Birni.

Muna da ita, kuma ban raina ta ba. Amma ka je ka gani tukuna. Muhammadu ibn al-Ahmar ya fara ginin a 1238, jikokinsa suka yi ta ƙari, har Muhammadu na Biyar ya gina farfajiyar zakuna 12 masu fitar da ruwa ta baki. A bango, duk inda ka juya, an sassaƙa "Wa la galiba illallah", kuma kai da ka yi makarantar allo za ka karanta abin da Turawan da ke gefenka ke biyan ɗan jagora ya fassara musu.

Ni dai ba rubutun ne ya fi tsaya mini a rai ba, ruwan ne. Sun janyo shi daga kogin Darro ta magudana mai nisan kilomita kamar shida, ya hau tudu ba inji, yana gudu ta tsakar ɗakuna da gefen matakala har yau. Mutumin da ya girma yana jiran ɗan ga-ruwa a ƙofar gida cikin watan Afrilu, in ya tsaya a lambun Janaralife da ke gefen Alhambra yana jin ƙarar nan ta ko'ina, shiru yake yi. Na fi minti ashirin zaune a wurin ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

In ka sauko gari, ka leƙa Corral del Carbón. Masaukin fatake ne na ƙarni na 14, tsakar gida da wurin ruwa a tsakiya, ɗakuna a sama, kaya da dabbobi a ƙasa. Duk ɗan Zango zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba. Kusa da shi akwai madarasar da Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349. Kuma Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya ba su labarin Agadas da Kano da Katsina tun ƙarni na 16, haifaffen garin nan ne.

Za ka saya mini tikitin Alhambra da katinka, in biya ka in na dawo?

Mutum uku na yi wa haka. Kawo kuɗin tukuna, da fasfonka.